Fitilar Ado Daga Tsohuwar Ƙwarya da Gwangwani

Fitilar ado abu biyu ce a haɗe: ƙwan da ke ba da haske, da rufin da ke tace hasken ya zana shi a jikin bango. Ƙwan ana sayensa ko a ciro shi daga fitilar da ta lalace. Rufin kuwa yawanci yana nan yashe a bayan ɗaki, cikin fasassun ƙore da gwangwanaye da kwalabe. Dabarar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, don aci-bal-bal da ta daɗe tana raka mai shayi da mai ƙosai gwangwani ce kawai da lagwani da kananzir. Sai dai ita don a ga hanya aka yi ta, ba don ado ba, kuma hayaƙinta da harshen wutarta ba su dace da ɗakin kwana ba.

Matsalar da ke ɓata yawancin irin wannan aiki ba ta zane ba ce, ta zafi ce da ta lantarki. Tsohon ƙwan lantarki mai zare a ciki yana mai da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zuwa zafi, kuma gilashin ƙwai mai wat 60 yakan fi tafasasshen ruwa zafi. In aka kifa masa busasshiyar ƙwarya, an haɗa makamashi da wuta. Robar ruwan sha ta fi saurin karaya, domin tana fara laushi tun daga wajen digiri 70 na ma'aunin Selshiyos. Ga kuma wutar gida, wadda ƙarfinta ya kai bolt 230 a Najeriya. Gwangwani ƙarfe ne. Waya ɗaya ta zame ta taɓa jikinsa, duk yaron da ya kai hannu ya shiga uku. Saboda haka mai haɗa fitila a gida ya bar wutar bango ga masu aikin wuta, ya tsaya a kan ƙwan LED mai aiki da bolt 5, wato ƙarfin da cajar waya ke fitarwa. Wannan wuta ba ta jan mutum, ƙwan kuma ɗumi kawai yake yi.

Hanya mafi sauƙi ita ce a sayi ƙaramin ƙwan LED mai bakin USB, irin wanda ake samu a shagunan kayan waya, a haɗa shi da tsohuwar caja ko batirin ajiyar caji da ake kira fawa banki. Wanda ya iya riƙe ƙarfen narka dalma yana iya ciro ƙwayayen tocila da ta mutu, don sau da yawa batirinta ne ya gaji, ƙwayayen lafiyarsu ƙalau. Farin ƙwai guda yana buƙatar kimanin bolt 3, shi ya sa ba a jona shi kai tsaye da caja: ana sa masa rizisto mai om 100 a tsakani don ya rage wutar da ke shigarsa, in ba haka ba ya yi haske na ɗan lokaci ya ƙone. Doguwar ƙafar ƙwan ita ke haɗuwa da jar waya ta cikin igiyar caja, gajeriyar kuma da baƙa. In an juya su ba abin da zai fashe, ƙwan dai ba zai kama ba. Kowane mahaɗi a naɗe shi da salatif na wuta. Batirin tsohuwar waya da ya kumbura kuwa ba a sa shi cikin lissafi, a kai shi wurin masu gyara.

Launin haske ma abin dubawa ne. A jikin kwalin ƙwai akan rubuta lamba da harafin K. Mai 2700 zuwa 3000 haskensa ruwan ɗorawa ne, kamar na fitilar ƙwai, shi ke fito da kyan ƙwarya. Mai 6500 fari ne fat, yana mai da falo kamar ɗakin asibiti.

A cikin kayan rufi, ƙwarya ce sarauniya. Ba ta ɗaukar lantarki, ba ta da nauyi, kuma tana karɓar huji ba gardama. Ba sai sabuwa ba. Wadda ta tsage har gyartai ya ɗinke ta, ɗinkin nan ado ne in haske ya biyo ta cikinsa. Ƙoƙo ya isa fitilar gefen gado, masaki ya dace da ratayewa a tsakiyar falo, gora mai dogon wuya kuma tana tsayawa da kanta in an yanke gindinta daidai. Da farko a kankare cikinta a fitar da sauran totuwa, a wanke, a shanya kwana biyu ko uku har ta bushe ƙarau, domin danshi ke kawo fumfuna da ƙwari. Sannan a zana abin da ake so da fensir a bayanta. Dagin Arewa yana fita da kyau, haka ma layukan dala-dala irin na zanen ƙoren Fulani. Ana yin hujin da basilla ko ƙusa mai tsini, ana murzawa a hankali, ba a bugawa. Wasu sukan ɗora ƙusar a garwashi su riƙe da filaya, sai ta shige kamar cikin man shanu, ta bar baƙin zobe a bakin kowane huji. Wannan aikin waje ne, saboda hayaƙi, kuma ƙurar ƙwarya tana sa tari, don haka takunkumi ya zama dole.

Kuskuren mai koyo shi ne yawan huji. Yana ganin kowane fili sai ya cike shi, ƙarshe ƙwaryar ta zama rariya, hasken ya watse, bango ya tashi ba zane. Inuwa ita ce rabin adon. A bar tazarar da ta kai faɗin hujin sau biyu tsakanin huji da huji, a gauraya manya da ƙanana, a kuma bar wasu wurare a rufe gaba ɗaya. Akwai wani sirri da ba kowa ya lura da shi ba: ƙwai guda ƙarami mai ƙarfi yana jefa zane mai kaifi, amma ƙwayaye da yawa kowanne yana jefa tasa inuwar, sai su dame juna. Mai son zane a bango ya sa ƙwai ɗaya a tsakiya. A ƙarshe a bar huji uku ko huɗu a can sama don iska mai ɗumi ta fita, a shafa man ƙyalli na kafintoci a waje kawai.

Gwangwanin Milo ko na madarar gari shi ma yana yin aiki, amma yana lotsewa in an buga masa ƙusa yana fanko. Maganin shi ne a cika shi da jiƙaƙƙen yashi, a danna sosai, a kwantar da shi a kan tsumma, sannan a bi zanen da ƙusa da guduma. Bakin hujin daga ciki yana da kaifi, sai a daddanne shi, a kuma zagaye inda waya za ta ratsa da guntun robar tayar keke don kada ƙarfen ya yanke ta. Kwalba ba ta buƙatar huji ko yanka, wanda aiki ne mai haɗari ga marar kayan aiki. A wanke ta, a zura siririyar igiyar ƙananan ƙwayaye ta bakinta. Koriya ko ruwan ƙasa ta fi fara armashi.

Kafin fitilar ta shiga ɗaki a kunna ta na rabin awa a tsakar gida, sannan a taɓa rufin da cajar. Ɗumi ba laifi. Zafin da hannu ba ya jurewa ko warin roba alama ce ta a kashe a sake duba haɗin. Wani fawa banki yakan ɗauke wuta da kansa in abin da aka jona ba ya jan caji sosai, don haka mutuwar fitila bayan ɗan lokaci ba lallai laifin ƙwan ba ne. A ajiye ta kamu biyu zuwa uku daga bango, nesa da labule da gidan sauro. Lokacin hunturu ƙura kan toshe ƙananan hujin, sai a cire cajar a bi su da tsohon buroshin haƙori busasshe.