Darasin Wannan Wata: Gafara a Wurin Ba da Shawara

'Yan'uwa ma'aikata da masu aikin sa kai, kullum muna zama da gwauraye, da waɗanda aka ƙone wa gidaje, da waɗanda aka ci amanarsu. Waɗansunsu masu ibada ne. Waɗansu kuwa ba ruwansu da addini, ko kuma wahala ta sa sun ja da baya. Yaya za mu yi wa dukansu maganar gafara ba tare da mun fama musu ciwo ba?

Abin da masana suka gano

A shekarar 1985 ne Robert Enright na Jami'ar Wiskonsin a Amurka ya soma binciken gafara a matsayin hanyar warkar da zuciya. A 1996, shi da Suzanne Freedman suka ba da rahoton aikinsu da mata 12 waɗanda danginsu maza suka yi lalata da su tun suna yara. An riƙa ganawa da kowacce mako-mako har kimanin watanni 14. Baƙin ciki da fargaba suka ragu, sa zuciya ta ƙaru. Mu lura da tsawon lokacin. Sannu ba ta hana zuwa.

A 2002, Mark Rye da Kenneth Pargament suka gwada hanyoyi biyu da ɗalibai mata waɗanda masoyansu suka cuce su. Rukuni ɗaya an haɗa musu da koyarwar addini, ɗayan kuwa ba a ambaci addini ba. Dukansu biyu sun fi waɗanda ba a yi wa kome ba samun sauƙi, kuma ba wanda ya fi wani. Har ma waɗansu na rukuni na biyu suka ce bangaskiyarsu ce suka jingina a kai, ko da yake ba wanda ya ce su yi haka. Ashe mutum yakan zo da abin dogararsa.

Matakai biyar

Everett Worthington, wanda ɗan fashi ya kashe mahaifiyarsa a daren shiga shekarar 1996, yana koyar da matakai biyar:
1. Ka tuna abin da ya faru yadda yake, ba ƙari ba ragi.
2. Ka yi ƙoƙarin gane halin da mai laifin yake ciki.
3. Ka ba da gafara kyauta, kana tuna ranar da kai ma aka yafe maka.
4. Ka tabbatar da ƙudurinka, ko a rubuce ko a gaban wani.
5. Ka riƙe shi sa'ad da fushi ya dawo.

Ya kuma bambanta gafara iri biyu. Akwai ta ƙuduri, wato mutum ya yanke shawara ba zai rama ba. Akwai ta zuciya, wato ɗacin rai ya kwanta. Ta farkon takan yiwu a rana ɗaya, ta biyun takan ɗauki lokaci.

Yadda za mu yi aiki da wannan

Mai bi yakan zargi kansa cewa tun da har yanzu yana jin zafi, to bai yi biyayya ga Allah ba. Mu nuna masa cewa jin zafi ba ya rushe ƙudurin da ya riga ya yi.

Wanda ba ya bin addini kuwa, kada mu mai da zaman shawara wurin wa'azi. Mu yi masa maganar barcinsa, da lafiyarsa, da yadda riƙo yake cinye masa kwanaki. In ya ce bai shirya ba, mu dakata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga dukansu kuma, gafara dabam, sulhu dabam. Matar da ta yafe wa mijin da yake dukanta ba dole ne ta koma ɗakinsa ba. Wanda ya yafe yana iya ci gaba da neman hakkinsa a kotu. Yusufu ma, kamar yadda muke gani a Farawa 42 zuwa 45, sai da ya gwada 'yan'uwansa kafin ya bayyana musu kansa.

Tambayoyi don tattaunawa a rukuni
1. Waɗanne kalmomi ne muke faɗa da kan sa mai rauni ya ji ana tilasta masa?
2. Yaya za mu san addinin mutum yana ƙarfafa shi ne ko yana ƙara masa nauyi?
3. Wa za mu tura mutum wurinsa in damuwarsa ta fi ƙarfinmu?