Hukuncin Tatsar Barasa A Cikin Gida

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Akwai masu zaton cewa giyar da shari'a ta hana ita ce wadda ake sayarwa a kwalba, amma abin da mutum ya haɗa a ɗakinsa, da dawarsa da tukunyarsa, bai sayar wa kowa ba, to, wannan yana da sauƙi. Wasu ma kan ƙara da cewa a ƙasar New Zealand doka ta yarje wa mutum ya tatsi barasar da zai sha a gidansa tun shekarar 1996. Gaskiya ne an yi haka, sai dai yardar dokar wata ƙasa daban, halascin shari'a daban.

Da farko ya kamata mai karatu ya san yadda aikin yake. Ana jiƙa hatsi, ko a ajiye bammi, har ya tsimu ya yi kumfa, zaƙinsa ya juye ya zama abin maye. A nan burukutu da fito suke tsayawa. Mai son abin da ya fi wannan ƙarfi sai ya ɗora tsimin a wuta, ya bi da tururin ta cikin bututu mai sanyi, ya tara abin da ke ɗiga. Dalili kuwa shi ne sinadarin maye yana tafasa a ma'aunin zafi 78, ruwa kuwa sai ya kai 100, saboda haka mayen ne ke fara tashi ya bar yawancin ruwan a baya. Haka ake samun ogogoro. Larabawa na kiran wannan aiki taƙɗiri, abin da ya ɗigo kuma su ce masa araƙ, wato gumi, domin kamar zufa yake tsattsafowa.

Shi taƙɗiri a kan kansa babu laifi a cikinsa. Da shi ake fitar da ruwan wardi da man turare, kuma Alkindi, masanin nan na Bagadaza, ya yi littafi a kan haɗa turare ta wannan hanya tun ƙarni na 9. Abin dubawa shi ne me aka zuba a tukunyar, kuma me ake nufi da abin da zai fito.

Kalmar hamru, wadda ta zo a Suratul Ma'ida aya ta 90, asalinta a Larabci rufewa ne, tushensu ɗaya da himari, mayafin da mace ke lulluɓe kanta da shi. Sayyidina Umar ya bayyana a kan mumbari cewa hamru ita ce duk abin da ya lulluɓe hankali, kamar yadda Buhari ya ruwaito. Ayar kuwa umurnin da ta yi na nisanta ne, wanda ya fi hanin sha faɗi. Wanda ya yini yana iza wuta a gindin tukunyar ba za a ce ya nisance ta ba.

Abin lura shi ne yawancin giyar da aka tambayi Manzon Allah (S.A.W.) game da ita ta gida ce, don babu masana'anta a wancan zamani. Abu Musal Ash'ari ya tambaye shi hukuncin abin sha iri biyu na mutanen Yaman, bit'u da ake yi da zuma, da mizru da ake yi da sha'ir ko dawa, aka amsa masa da cewa duk mai sa maye haramun ne. Mizrun dawa kuwa ɗan'uwan burukutu ne na jini. Dailamul Himyari ya kawo uzurin sanyin ƙasarsu da wahalar aikinsu, Annabi ya tambaye shi ko abin yana bugarwa, da ya ce i, sai ya umurce su da su guje shi. Ɗariƙu ɗan Suwaidu ya ce shi don magani yake haɗawa, aka sanar da shi cewa ita ba magani ba ce, cuta ce. Muslim ne ya ruwaito wannan. Ga uzuri uku, kuma su ne dai ake ji har yau, ko ɗaya bai karɓu ba.

Mai cewa shi ba ya sha, haɗawa kawai yake yi, sai ya tuna da hadisin Anas da Tirmizi ya kawo, inda aka la'anci mutum goma a kan giya. Na farko a jerin shi ne mai matse ta, sannan wanda aka matsa dominsa, kafin ma a zo kan mashayi. Haddin bulala 80 a mazhabar Maliku na wanda ya sha ne. Wanda ya haɗa bai sha ba babu haddi a kansa, amma alƙali yana da ikon ladabtar da shi gwargwadon abin da ya gani, a kuma zubar da kayan.

Wani zai kawo maganar Abu Hanifa, wanda ya taƙaita sunan hamru ga ruwan inabi. Ko a wurinsa abin da ya kai ga buguwa haramun ne, kuma malaman mazhabarsa na baya sun yi fatawa da ra'ayin almajirinsa Muhammadu ɗan Hasan Ashshaibani, wanda ya haramta kaɗan da mai yawa. Balle barasar da aka tatsa, wadda ba a ɗora ta a wuta ba sai don mayenta ya ƙaru.

Batun gida kuma, gaskiya ne Suratul Hujurat aya ta 12 ta hana bin diddigin asirin mutane, ba a haura katangar Musulmi don neman laifinsa. Wannan hani kariya ce ga mutuncin mai gida, bai mai da abin da ke cikin tukunyar halal ba. Kuma sau da yawa abin ba ya tsayawa a gidan. A shekarar 2015 mutane da dama sun mutu a Ode-Irele ta Jihar Ondo, wasu kuma a Jihar Ribas, bayan sun sha ogogoro mai ɗauke da gubar metanol, wadda ke makantar da wanda bai kashe ba.

Saura abin da ya shafi kowane gida, ko da babu mai nufin giya. Ibnu Abbas ya ruwaito cewa ana jiƙa wa Annabi zabibi, ya sha a ranar da kashegari har maraicen rana ta uku, abin da ya ragu ya bayar ko ya sa a zubar. Saboda haka kunun zaƙi da tsimin dabino halal ne muddin ba su juya ba. Kwana ukun ba shi ne ma'auni ba, don a zafin bazara abu kan juya tun kafin nan. Uwargida ta duba kumfa da wari, idan ya kai matsayin bugarwa sai ta zubar. In kuwa giya ta juye da kanta ta zama ruwan khal, malamai sun haɗu a kan tsarkinsa da halascin amfani da shi. Allah shi ne mafi sani.