Saurin Caji da Darajar Motar Lantarki ta Hannu

A kasuwannin motoci na Turai da Amurka, mai neman motar lantarki ta hannu yakan fara da tambayar lafiyar batir, daga nan sai ya nemi sanin minti nawa zai ɓata a tashar caji. Amsar tana taɓa farashi ƙwarai.

Tsohuwar Chevrolet Bolt ba ta karɓar wuta fiye da kilowat 55, ko da an jona ta a na'ura mai kilowat 350. Kafin ta tashi daga kashi 10 zuwa kashi 80 cikin ɗari, sai ta ci kusan awa guda. Hyundai Ioniq 5, wadda ta fito a 2021, tana gama wannan aiki cikin minti 18. Iyakar a jikin batir da wayoyin motar take, babu makanikin da zai ɗaga ta. Tashoshi suna ƙara ƙarfi kowace shekara, tsohuwar mota kuwa tana nan inda aka ƙera ta, dole dillali ya karya farashi kafin a taya.

Lamarin tsohuwar Nissan Leaf ya fi ban takaici, domin mota ce mai juriya da sauƙin kuɗi. Batirinta ba a sanyaya shi da ruwa. Masu samfurin 2018 a Birtaniya sun koka cewa a doguwar tafiya, da zarar batir ya ɗau zafi, caji na biyu da na uku sai su yi ta jan ƙafa. Idan haka ta faru a sanyin Ingila, mai shirin kawo ta Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, ya kamata ya sake lissafi. Ga kuma bakin cajinta, CHAdeMO, wanda sababbin tashoshin Turai da Amurka ke yin watsi da shi.

Akwai wani tarko ga masu sayo motocin gwanjon Amurka: Tesla takan toshe caji mai sauri a motar da inshora ya yi wa rajistar mummunan haɗari.

To mene ne abin yi? Mai saye ya kai motar tasha batirinta na ƙasa-ƙasa, ya jona, ya zuba wa allo ido. Lambar kilowat da ake talla da ita ta 'yan mintuna ce kawai, abin lura shi ne saurin da ta riƙe har kashi 80. Ya tabbatar bakin cajinta, CCS ne ko GB/T na motocin China, ya dace da tashoshin garinsa. Mai sayarwa kuma ya tanadi rahoton lafiyar batir kafin a fara ciniki.

Wanda zai riƙa caji a gida da dare, zirga-zirgarsa duk a cikin gari, motar mai jinkirin caji garaɓasa ce a gare shi. Mai yawan hawa hanyar Kano zuwa Abuja, ko mai niyyar sayarwa nan da shekara biyu, gara ya ƙara kuɗi ya sayi mai sauri.