Lita da Girman Injin Mota

Gabatarwa

Duk wanda ya lura da bayan motoci zai ga an rubuta wasu lambobi kamar 1.6 ko 1.8 ko 2.0, a jikin babura kuma 100 ko 125. Da yawa daga cikin mutane sun ɗauka wannan lamba tana nuna yawan man da tanki ke ɗauka, wasu kuma suna cewa man da mota ke sha ne. Duka biyun ba haka ba ne. Lambar tana nuna girman cikin injin ne, kuma da lita ake auna shi. A wannan darasi za mu ga mece ce lita, da abin da ake aunawa a cikin inji, da yadda ɗalibi zai yi lissafin da kansa.

Mece ce Lita?

A kasuwanninmu muna awo da mudu da tiya da kwalba. Matsalar waɗannan ma'aunai ita ce, mudun wannan gari ba lalle ne ya yi daidai da na wancan ba. Irin wannan ruɗani ne ya sa ƙasar Faransa ta kafa dokar awo na bai ɗaya a shekarar 1795, inda lita ta samo asali.

Mai karatu ya ƙaddara wani ɗan akwati mai tsawon santimita 10, faɗin santimita 10, zurfin santimita 10. Abin da ya cika wannan akwati shi ne lita ɗaya. Idan kuwa kowane gefe santimita ɗaya ne tak, wato ɗan akwatin da bai kai ƙwayar magi ba, abin da ya cika shi ake rubutawa cc. Da yake 10 × 10 × 10 ya ba da 1,000, lita ɗaya cc 1,000 ke nan.

A 1901 masana sun sauya ma'anar lita, suka ce ita ce wurin da kilo ɗaya na tsabtataccen ruwa ke cikawa. Daga baya aka gano wannan ya ɗara akwatin da ɗan kaɗan, don haka babban taron awo na duniya ya koma ga ma'anar farko a 1964. Abin lura a nan shi ne, lita ma'aunin wuri ce. Ruwa ne ya cika wurin, ko gero, ko iska, duk lita sunanta lita.

Abin da Ake Aunawa a Inji

A cikin inji akwai ramuka masu kama da gwangwani da ake kira silinda. Cikin kowace silinda akwai fistan mai hawa da sauka, kamar sandar sirinjin allura. Yawancin motocin fetur suna aiki bisa tsarin bugu huɗu wanda Bajamushe Nikolaus Otto ya ƙera a 1876. Da fari fistan ya sauka, ya zuƙo iska da fetur. Na biyu ya hau, ya matse su. Na uku fulogi ya ba da wuta, su kama, ƙarfin ƙunar ya turo fistan ƙasa. Na huɗu ya sake hawa, ya kori hayaƙi ta salansa.

To, wurin da fistan ke sharewa tsakanin ƙarshen hawansa da ƙarshen saukarsa shi ake aunawa. Idan aka haɗa na dukkan silindoji, an sami girman injin.

Yadda Ake Lissafi

Bari mu ɗauki motar da aka sani ƙwarai a ƙasar Hausa, wato Peugeot 504, wadda kamfanin da ya fara aiki a Kaduna a 1975 ya daɗe yana harhaɗawa. Injinta da ake kira mai lita biyu yana da silinda huɗu. Faɗin bakin kowace silinda santimita 8.8 ne, tafiyar fistan kuwa santimita 8.1.

Rabin faɗin baki: 8.8 ÷ 2 = 4.4
Filin da'irar baki: 3.142 × 4.4 × 4.4 = 60.83
Girman silinda ɗaya: 60.83 × 8.1 = cc 492.7
Silinda huɗu: 492.7 × 4 = cc 1,971

Idan aka raba 1,971 da 1,000 za a sami lita 1.971, wadda masu ƙera mota ke cikewa su rubuta 2.0. Babur mai lamba 125 kuwa, silindarsa ɗaya ce mai kimanin cc 125, wato kashi ɗaya cikin takwas na lita.

Girman Inji da Shan Mai

Mafi yawan abin da ke cika silinda iska ce. Domin fetur ya ƙone sarai, kowane giram ɗaya yana bukatar iska giram 14.7. Da yake iska ba ta da nauyi sosai, lita ɗaya ta fetur tana bukatar iska kimanin lita 9,000. Ashe ke nan inji maƙogwaro ne mai haɗiyar iska, fetur kuwa ɗan yayyafi ne a cikinta.

Saboda haka babban inji yana zuƙar iska mai yawa, yana iya ƙona mai da yawa, ya kuma ba da ƙarfi mai yawa. Amma wannan ba doka ba ce da ba ta canzawa. Nauyin mota, da lafiyar inji, da iskar taya, da yadda direba ke taka totur, duk suna da hannu a shan mai. Ƙaramar mota da aka labta wa kaya tana iya fin babba zuƙar fetur.

Bugu da ƙari, akwai na'urar turbo, wadda ke amfani da ƙarfin hayaƙi ta cusa ƙarin iska cikin silinda. A 2012 kamfanin Ford ya fito da inji mai lita 1.0 da silinda uku, mai ƙarfin doki sama da 120, alhali na 504 mai kafireta, da ya ninka shi girma, bai kai doki 100 ba. Motocin lantarki zalla kuwa ba su da silinda ko fistan, don haka ba a auna su da lita sam.

Kammalawa

Lambar da ke bayan mota tana faɗin yawan wurin da fistoci ke sharewa ne kawai. Mai sayen mota da ya dogara da ita kaɗai wajen sanin ƙarfi ko shan mai yana iya yin asarar kuɗinsa. Sai ya duba takardun motar, ya kuma nemi shawarar amintaccen bakanike.

Aikin Aji

1. Malami ya sa ɗalibai su yanka kwali su haɗa akwati mai santimita 10 ta kowane gefe, su shimfiɗa leda a ciki, su juye ruwan leda guda biyu masu santilita 50. Me suka gani?

2. Wani injin 504 yana da faɗin baki santimita 8.4, tafiyar fistan 8.1, silinda huɗu. Nemo girmansa da cc, sa'an nan da lita. Cc nawa bambancin milimita huɗu ya haifar?

3. Tankin wata mota yana ɗaukar lita 56, injinta kuma lita 1.8 ne. Bayyana abin da kowace lamba take nufi.