Tseren Alkama da Zafin Bazara

Mu mutanen Limawa a nan Dutse mun tashi muna jin karin maganar nan, wai alkama bisa dutse, Allah shi ke ba ki ruwa. Ni kuwa bara da na je hutu wurin kawuna, wanda ke noman rani a wajen Auyo, sai na gane ashe ba ruwa kaɗai alkama take bukata ba. Tana son sanyi ƙwarai.

Kawu ya makara, bai shuka ba sai farkon Janairu, kuma da tsohon irin da ya saya a kasuwa. Ya yi ban ruwa, ya zuba taki, gona ta yi kore shar. Amma zafin watan Maris ya riske ta tana cikin yin ido, sai ƙwayar ta motse. Da aka sussuke, ko kuɗin man injin bai fito ba.

Da na koma makaranta na ba malaminmu na aikin gona labari. Ya ce ai alkama tsere take yi da bazara. Hunturunmu gajere ne, saboda haka ana shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, a kuma nemi irin da zai nuna cikin kamar wata uku. Abokiyar gabanta ta biyu ita ce cutar tsatsa, wadda iska ke ɗauka daga ƙasa zuwa ƙasa. An gano wata muguwar irinta a Yuganda a 1998, aka sa mata suna Ug99.

To, yaya ake samun iri mai saurin nuna, mai jure cuta? Furen alkama namiji da mace a haɗe suke, kansa yake yi wa barbara. Sai masani ya sa hantsaki ya cire sashen namijin daga zangarniyar iri mai saurin nuna, sa'an nan ya barbaɗa mata garin furen iri mai jure tsatsa, ya rufe da 'yar jakar takarda. Abin da aka samu sai a yi ta shukawa ana zaɓen nagari ana zubar da sauran. Aikin yakan ci shekara goma. Wani Ba'amurke, Norman Borlaug, ya rage wannan jira a ƙasar Meziko, domin yakan shuka sau biyu a shekara a wurare biyu dabam. An ba shi lambar Nobel a 1970.

A ƙasarmu Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ita ke da alhakin wannan aiki. Cikin irin da ta fitar akwai Atilla Gan Atilla, da Reyna-28, da wani mai suna Norman.

'Yan'uwana ɗalibai, yawancin alkamar burodin da muke karyawa da shi daga waje ake sayo ta, alhali ga fadamun Haɗejiya a gidanmu. Iyayenmu kuma ina roƙonsu su nemi iri daga hannun malaman gona, su shuka da wuri. Kawu dai ya ce bana ba za a kai Disamba ba sai irinsa na ƙasa. Allah ya sa a dace, amin.