Man Tsirrai Mai Ƙamshi da Ciwon Fangas na Farcen Ƙafa

Mai karatu, cire takalminka ka dubi babban ɗan yatsan ƙafarka. Idan farcen ya yi kauri, ya rine ya koma ruwan ɗorawa ko ƙasa-ƙasa, bakinsa yana marmashewa kamar tsohon ƙuliƙuli, to da wuya a ce ba ka gamu da wanda ya ba ka shawarar ɗiga masa man kanumfari ko wani mai na 'yar kwalba ba. Wannan shawara ce za mu auna a darasinmu na yau, mu ga iyakar gaskiyarta.

Mene ne ke cin farcen?

Fangas wani jinsi ne na halitta mai zaman kansa, ba tsiro ba ne, ba kuma dabba ba. A cikin danginsa akwai fumfunar da ke fitowa kan tuwon da ya kwana biyu, da laimar kwaɗi da muke gani da damina, da yis ɗin da ke kumbura burodi. Wanda ya fi yawan kama farcen ƙafa shi ne wanda masana suka sa wa suna Trichophyton rubrum. Shi da 'yan uwansa ne ke haddasa maƙero a kan yara, da ƙaiƙayin nan na tsakanin yatsun ƙafa. Abincinsu shi ne keratin, wato sinadarin da aka gina farce da gashi da ƙaho da kofato da shi. Galibi daga fatar ƙafa ciwon ke farawa, ya lallaɓa ta bakin farce ya shige ƙarƙashinsa. A riƙe wannan batu da kyau, domin duk abin da za mu faɗa nan gaba a kansa ya rataya: fangas ɗin a ƙarƙashin farce yake zaune, mai kuwa a bisansa ake shafawa.

Shi kuma man fa?

Man tsirrai mai ƙamshi ba irin man gyaɗa ko man kaɗanya ba ne. Turara ganye ko fure ko ɓawon itace ake yi da tururi, a sanyaya tururin, sai a raba man da ruwan. Ɗalibi na iya gwada bambancin da kansa. Ɗiga man gyaɗa a kan farar takarda, ka ɗiga mai ƙamshin a gefe. Na gyaɗa zai bar tabo, ɗayan kuwa yawanci zai bi iska. Ƙarfin man kanumfari yana cikin sinadarin yujinol. Wanda ya fi suna kan matsalar farce kuwa shi ne man itacen Melaleuca alternifolia na gabashin Ostareliya, wanda za ka ga an rubuta Tea Tree Oil a jikin kwalbarsa, ko da yake ba shi da alaƙa da ganyen shayin da muke sha. Tun cikin shekarun 1920 wani masanin sinadarai mai suna Arthur Penfold ya bayyana cewa man yana kashe ƙwayoyin cuta.

Ba ƙarya ba ne, idan aka shuka fangas a faranti a ɗakin gwaji aka ɗiga masa irin wannan mai, yakan daina yaɗuwa ko ya mutu. Amma a faranti babu shamaki tsakanin mai da fangas. A ƙafa kuwa akwai katanga. Farce curi ne na keratin da ya manne ƙam, kuma maiƙon da ke cikinsa ɗan kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da na fata. Saboda haka ya fi karɓar abin da ke narkewa a ruwa bisa abin da ke da maiƙo. Shi ya sa farce ke laushi bayan wanka. Ga shi kuma man da muke magana a kai mai saurin bin iska ne, farcen da ya kamu kuwa kaurinsa ƙaruwa yake yi. Magungunan shafawa na asibiti ma da wannan katanga suke fama.

Abin da gwaji a kan mutane ya nuna

A shekarar 1994 Buck da abokan aikinsa a Amurka suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi da mutum 117 waɗanda aka tabbatar suna da ciwon. Rukuni ɗaya ya shafa zallan man Melaleuca, ɗayan ya shafa maganin kulotirimazol, sau biyu kullum har wata 6. A kowane rukuni, kimanin mutum 60 cikin 100 sun ga farcensu ya yi kyan gani. Amma da aka kankari farcen aka shuka, kashi 18 cikin 100 ne kawai na masu shafa man aka samu babu fangas, na ɗaya rukunin kuwa kashi 11. Masu tallar man sukan ce ya yi kunnen doki da maganin asibiti. Haka ne, sai dai ba sa faɗin cewa kulotirimazol na fata ne, ba a san shi da warkar da farce ba. Sannan duk rukunin biyu an riƙa yanke musu ruɓaɓɓen farcen, wanda shi kaɗai yana gyara kamanninsa.

A 2011 kuma an gwada man zafin nan Vicks VapoRub, mai ɗauke da kafur da mantol da taimol da man turare. Mutum 18 suka shafa har mako 48, biyar suka warke sarai. Abin lura ne, amma mutum 18 ba su da yawa, kuma babu rukunin da aka bari ba magani don a kwatanta.

Kwatanta wannan da ƙwayar tabinafin, wadda ake sha ɗaya kullum har mako 12. Ita ta jini take bi ta isa tushen farce, ba ruwanta da katanga. Kusan kashi 70 cikin 100 na masu shan ta ake samu fangas ya mutu, ko da yake waɗanda farcensu ke komawa daidai ba su kai rabi ba. Tana iya taɓa hanta, don haka likita ne ke rubuta ta, ba mai kemis ba.

A ganina, wanda ciwon ya ɗan taɓa bakin farcensa ɗaya, kuma lafiyarsa ƙalau, ba laifi ya gwada man, muddin ya san nasarar ba ta da tabbas. Ya rage kaurin farcen tukuna, ya sirka man da na kwakwa ko na zaitun, ya fara gwadawa a fatar hannunsa. Zallan man kanumfari yana ƙona fata, na Melaleuca kuwa idan ya tsufa ya sha iska yakan jawo borin fata, kuma guba ne idan aka sha, saboda haka a nisanta shi da yara. Mai ciwon sukari kada ya kusanci wannan gwaji ko kaɗan. Jijiyoyin ƙafarsa na iya dakushewa har ya ƙone bai ji ba, ƙaramin rauni ya zama gyambo.

Kafin ma a kai nan, sai an tabbatar fangas ne. Kusan rabin faratan da suka lalace ba shi ne sanadi ba. Tuntuɓe da matsattsen takalmi da wasu cututtukan fata duk suna ɓata farce haka. A asibiti kankarar ɗan gari ake yi daga farcen, a jiƙa da sinadari, a duba da madubin likita. Mata su lura, lalle yana rufe launin farce, ya hana a ga yadda ciwon ke tafiya.

Danshi ne abokin fangas. A tsane tsakanin yatsu bayan wanka da alwala kafin a sa safa, a riƙa shanya takalmi sau-ciki a rana, wanda kuma ke kiran mai yankan farce ya miƙa masa nasa kayan yankan.

Farcen ƙafa kuwa ba ya gaggawa. Tsironsa bai wuce milimita ɗaya da rabi a wata ba, babban farce yakan ɗauki wata 12 zuwa 18 kafin ya sabunta. Ɓangaren da ya lalace ba ya gyaruwa, sai dai sabo ya turo shi waje. Duk maganin da ka zaɓa, ka yi 'yar alama a kan farcen daidai inda lafiyayye ya tsaya. Bayan wata uku ka duba. Idan alamar ta matsa gaba, bayanta kuma fes, maganin yana aiki. Idan launin ya tsallake alamar ya nufi tushe, a ajiye kwalbar a nufi asibiti.