FILIN MANOMA: Ziyarar Lambu, Babban Aikin Ƙungiya

Manoma, ruwa ya fara janyewa daga fadama, lokacin lambu ya ƙarato. A wannan mako za mu yi magana a kan ƙungiyar masu lambu, musamman irin na ƙasar Taura, a bakin kogin Haɗeja, inda ake tumatir da albasa da attarugu da rani.

Da yawa cikin ƙungiyoyin nan sun samo asali ne daga shirin Fadama, wanda gwamnati ta soma da taimakon Bankin Duniya ba da jimawa ba bayan an yanke Jigawa daga Kano a 1991. An ce manoma su haɗu ƙungiya-ƙungiya, sa'an nan a taimake su da injin ban ruwa da rijiya, a ajiye jigo. An ci riba ƙwarai. Amma abin ya bar mana wani hali, watau zaton amfanin ƙungiya shi ne karɓar kaya. Ran da aka ji taki ya iso kowa ya hallara, in an raba sai baɗi. A ganina babban aikin ƙungiya ba ya bukatar ko kwabo daga gwamnati. Shi ne ziyarar lambu.

Ga yadda ake yi. A tsai da rana guda a mako, ban da Juma'a, ban da ran kasuwar Gujungu. Da hantsi a taru a lambun mutum guda, mako mai zuwa a koma na wani, har a zagaye kowa. Mai lambu ya faɗi ran da ya zuba iri, da ran da ya yi dashe, da irin takin da ya sa, magatakarda ya rubuta. Sa'an nan kowa ya shiga fangali ya duba tushe biyar, yana juya ganye. Kada a ɗora wa mai lambu abinci, domin in abin ya zama na tuwo, talaka zai riƙa gudun ranarsa, ga shi kuwa lambunsa ne ya fi bukatar ido.

To, me ake nema a ganyen? Abu na farko shi ne tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon, masana kuwa suna ce mata Tuta absoluta. Asalinta daga Amurka ta Kudu ne. Ta shiga Sifen a 2006, ta yi ta yaɗuwa, har a 2016 ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da nan Jigawa, kwando ya gagari mai saye. Uwarta wani ɗan ƙwaro ne mai fiffike, toka-toka, mai tashi da magariba. Tsutsar tana shiga tsakiyar ganye ne ta ci, sai ka ga tabo fari kamar takarda, da baƙin kashi a ciki. Daga nan ta huda ɗan tumatir. Da zafi, daga ƙwai zuwa uwa ba ya cika wata guda. Saboda haka mako biyu na sakaci ya isa.

Mutum guda ba ya iya ta, domin ƙwaro bai san iyakar gona ba. In ka yi feshi maƙwabcinka bai yi ba, kuɗinka ka zuba a rairayi. Ƙungiya ita za ta sa ranar feshi guda, da yamma, ta kuma canja irin maganin bayan an yi sau biyu, domin tsutsar nan tana saurin sabawa da magani. Kowa ya aje kwano da ruwan sabulu ƙarƙashin fitila da dare, ya ƙirga abin da ya faɗa, ya kawo labari ran ziyara. In an gama ɗiba kuma, a yi gayya a tuge tsohon tumatir a ƙone rana ɗaya. Kada a bi wurin da tumatir ko gauta, a sa albasa ko masara.

Littafin magatakarda yana da wani amfani. Kowa ya sani tumatir yakan yi arha a Fabrairu, har a koma yanka shi ana shanyawa a ƙasa. Dalili kuwa, kowa ya dasa mako guda. In ƙungiya ta kasu uku, da tazarar mako biyu tsakanin dashe da dashe, ɗiba za ta miƙe, dillali ba zai same ku duka a matse ba. Amma fa kada dashen ƙarshe ya wuce Disamba, domin zai faɗa cikin zafin bazara, lokacin da fure ke zubewa, sharon kuma ke kan ganiyarta. Kashin da ya yi baya bana, shi zai yi gaba baɗi, don kada a yi rigima.

Ban da ziyarar gida, ya kamata a yi doguwar fita sau ɗaya a shekara. Wurin da na fi so shi ne Kadawa a jihar Kano, inda ruwan madatsar Tiga ke bi ta magudanu, kuma cibiyar binciken noma ta Samaru tana da tasha a can. A aika takarda tun da wuri ta hannun malamin gona. A rana guda sai a biya Kwanar Gafan, a tsaya a ga yadda ake cinikin kwando, da irin tumatir ɗin da direbobin Ikko ke ƙi ɗauka domin ruwa-ruwansa. Wanda ya ga wannan da idonsa ba ya sake sayen iri barkatai.

Kuɗin mota a riƙa tara shi kaɗan-kaɗan wurin ma'aji tun farkon rani. In motar ba za ta ɗauki kowa ba, a bar shugabanni a gida, a tura samarin da ke riƙe da tiyo, su komo su ba da labari ran ziyara ta gaba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai renon irin albasa.